Ƙofar da Khala Hawwa Take Riƙewa

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, ina tuƙa wata farar bas a Jidda, ta wani ƙaramin kamfanin shara da goge-goge. Kullum da safe in kwashi mata bakwai a unguwar Nuzla in kai su ofisoshin da suke sharewa a Sharafiyya, bayan la'asar in mayar da su gida. Kafilina, wato uban gidan da takardun zamana ke hannunsa, ban fi ganinsa sau biyu ba. Wanda ke kanmu shi ne mai kula da ma'aikata, wani Bahaushen Sudan da ake kira Usman, mutum mai baƙin rai, wanda ko sallama ka yi masa sai ya duba agogo kafin ya amsa. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Motar nan lafiyarta ƙalau in ban da ƙofar gefe, irin wadda ake ja ɗin nan. Za ka ja ta ka ji ta yi ƙas, ka ɗauka ta kama, ashe ƙarya take, da ka sha kwana sai ta zame. Sau nawa na kai ƙara? Har saƙo ya zo daga inda aka sayi motar, wai mutane sun yi ta koke a kan maƙallin ƙofar irin waɗannan motocin, a kawo a canza kyauta. Da idona na gani a wayar Usman. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ya sheikh, mota ta kwana biyu a gareji, wa zai kai matan aiki? Kai za ka goya su? Halas, magana ta ƙare, a ɗaure ta."

Mai ɗaure ta kuwa ita ce Khala Hawwa, wadda ta fi kowa shekaru cikin matan, haifaffiyar Jidda ce, kakanninta suka zo aikin hajji suka zauna, Hausarta rabi Larabci. Kujerar bakin ƙofa ce wurinta. Tana da wani tsohon ɗankwali ruwan ɗorawa, ta ƙulla shi a hannun ƙofar, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta, haka za ta riƙe har mu isa. Takan ce min, "Ya waladi, ɗana, ni ce kwaɗon motar nan, ranar da na yi fashi ku kuka da kanku." Mu yi ta dariya. Kai, ɗan Adam! Abin da ya kamata mu yi wa kuka muke wa dariya.

Ranar wata Talata da safe, mun shiga babban shataletalen da ke hanyarmu, wayarta ta yi ƙara a jaka, 'yarta ce ke kira. Ta saki ɗankwalin don ta lalubo wayar. Shi ke nan fa. Ƙarar ƙofar kawai na ji da salatin mata, na duba madubi babu kowa a kujerar. Kwana biyu ta yi a asibiti Allah Ya karɓi abarsa. Ɗankwalin nan ni na kwance shi da hannuna, na kai wa 'yarta ranar ta'aziyya, ku riƙe wannan.

Ba a yi kwana uku da rufe ta ba Usman ya sa aka canza maƙallin a ɓoye, sabo fil. Sannan ya kira ni ofis ya tura min takarda. Abin da ke ciki, wai marigayiya ce da kanta ta buɗe ƙofa mota na tafiya don ta tofar da yawu. Na ce masa, "Usman, ka ji tsoron Allah, matar nan fa tana kabari." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, saura wata ɗaya. Ka sa hannu a sabunta, ko ka fara haɗa kayanka." Ina da mata da 'ya'ya a gida da ke jiran abin da zan aika. Ba zan wanke kaina a gabanku ba, na sa hannu, kuma na san abin da na aikata.

Ranar Lahadi aka ce mu kai motar wurin masu binciken haɗari su duba ƙofar. Bayan azahar ne, rana tsaka, zafin nan na Jidda da ke sa riga ta manne a baya. Daga ni sai Usman. Don rainin hankali bai zauna gaba ba, ya je ya hakimce a kujerar Khala Hawwa, ya ja ƙofar ta kama, ya jijjiga ta da ƙarfi yana cewa, "Ka gani? Wace matsala? Yalla, mu je."

Muna shiga shataletalen nan sai na ji ƙamshin turaren wutar da kullum ke jikin abayarta. Gilasai a rufe suke. Na ɗaga ido na duba madubi, jama'a, na rantse da wanda raina ke hannunSa, ɗankwalin nan ruwan ɗorawa na ƙulle a hannun ƙofar, kuma a miƙe yake tsam, kamar wani na jan sa, alhali babu hannun kowa a ɗaya bakin. Sai ƙas. Ƙofar ba zamewa ta yi yadda ta saba ba, a hankali ta buɗe, irin buɗewar da mutum ke yi da gangan, har ƙarshe. Kuma daidai kunnena, a bayan wuyana, na ji muryarta, babu wasan nan da na sani a cikinta: "Ni na buɗe, ya waladi? To ga shi na buɗe."

Usman ya kurma ihu, rabin jikinsa a waje, ya ƙanƙame kujerar gaba, takalminsa ɗaya ya faɗa titi. Ban san yadda na tsayar da motar ba. Da na waiwaya babu ɗankwali, babu komai, sai ƙofa a buɗe da ƙaton mutum yana kiran sunan Allah da ya manta da shi ranar da ya tura min takarda. Na tambaye shi ko ya ji abin da na ji. Ya ce bai ji komai ba, amma ya ƙi kallon idona, kuma a kujerar gaba ya ƙarasa tafiyar yana riƙe da hannun ƙofa.

Masu bincike sun duba maƙallin suka ce ƙalau yake. Nan na buɗe baki na faɗa musu ranar da aka canza shi, da saƙon da ke wayar Usman, da cewa takardar da na sa wa hannu ƙarya ce. Ba jarumta ba ce, tsoro ne ya sa ni. Iƙamata ba a sabunta ba, kafin wata ya ƙare ina gida. Kafin in tafi na je wurin 'yar marigayiya na nemi gafara, na tambaye ta ɗankwalin. Ta ce yana cikin akwati tun ranar da na kawo, ta buɗe ta nuna min. Yana nan a ninke, sai dai ƙulli ne a bakinsa, ta ce ita ba ta ƙulla ba.

Ku kira shi abin da kuka ga dama, ni ban san mene ne ba. Amma in ƙofar motarku ko murfin bayanta ya fara wasa, ku ajiye motar, kada ku ce wani ya riƙe, kuma ku kai kokenku a rubuce. Kada kuma wanda ya isa ya sa ku yi wa mamaci ƙarya. Ni dai har yau, duk motar da na shiga, muna dosar shataletale sai na ji ƙas a bayana, kuma ban taɓa yarda na duba madubi ba.