Ranar da Ghislaine Ta Bar Sandarta a Mota

Duk wanda ya taɓa kai tsohonsa gidan kula da tsofaffi na garin nan ya san Ghislaine. Ita ke yi musu wanka da shiri, doguwar mace mai faɗan tsiya, ba ta yarda tsohuwa ta fito falo kai a hargitse. "Kaka, ciwo daban, ƙazanta daban," haka take cewa tana taje musu gashi.

Shekarar da aka wajabta wa ma'aikatan jinya allurar rigakafin ciwon hanta, ita ta fara miƙa dantse. Bayan 'yan watanni ƙafarta ta hagu ta soma ja, ido ɗaya ya yi hazo. Aka ce ciwon nan ne mai cin jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, wanda ba ya warkewa. Likitoci suka ce bincike bai nuna allurar ce ta jawo ba. Ita kuwa ta ce jikinta ne, ta san lokacin da ya juya mata baya.

Ta kai ƙara tana neman diyya. Burinta bai wuce a gina mata makewayi da ɗakin kwana a ƙasa ba, don gidansu bene ne, komai a sama yake. Mijinta Aimé kuma aikin gasa burodi ya riga ya cinye masa baya, ba ya iya ɗaukarta. In ba a gina ba, sai gidan tsofaffin da ta yi wa bauta.

Shari'a ta yi ta jan ƙafa, har ranar da likitan da kotu ta naɗa ya kira ta don ya duba ta. Nan fa baiwar Allah ta yi wa kanta. Ta je aka gyara mata gashi, ta shafa jambaki, ta ɗauko rigar zuwa coci.

"Ke Gigi, biki za mu ko wurin likita?" in ji Aimé.

"Rufe min baki, tsoho. So kake in je gaban mutane kamar tsumma?"

Ta bar sandarta a mota, ta cije leɓe ta hau matakala da ƙafarta.

"Madam, yaya jiki?" in ji likitan.

"Da sauƙi, likita. Wasu sun fi ni wahala."

"Kina iya wanka da kanki?"

Matar da Aimé ke goge wa jiki da ruwan roba a kicin kullum safiya ta ɗaga kai. "Ni da na yi wa rabin garin nan wanka?"

Aimé ya buɗe baki, ta taka masa ƙafa. Haka uwarta ta rene ta, ba a kuka a gaban baƙo.

Kotu ta ce alaƙar allurar da ciwon ba ta tabbata ba, ciwon ma bai naƙasa ta sosai ba. Abin ya yi mata ɗaci ƙwarai, amma ba ta ga laifin kowa ba.

Yanzu tana gidan tsofaffin, a ɗakin da ke kallon lambu, Maryvonne, ma'aikaciyar da ta koya wa aiki, ita ke taje mata kai. Kullum da yamma Aimé yana zuwa da ɗan burodi mai ɗumi. Rannan ya zauna bakin gado ya ce, "Gigi, yaya jiki?"

Ta duba ƙofa, ta ga ba kowa.

"Babu sauƙi, Aimé," ta ce. "Tun tuni babu."