Jar Motar da Yayana Bai Saya Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada in faɗi abin da ba daidai ba a kan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Amma ranar da na raka yayana duba wata jar mota a Yelwa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Yayana dillalin kifi ne, tun muna yara yake mafarkin mota. Da ya ji wani ɗan kasuwa zai sayar da tasa, 'yar ƙarama mai kujera biyu, wadda rufinta ke naɗewa ya shige but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, sai ya kira ni.

"Kai ne sarkin tsoro," in ji shi. "In ka ce ba ta da aibu, na saya."

Maganar nan ta hana ni cin abinci. Mu ba mota muka sani ba, kifi muka sani, don haka irin dubansa muka yi mata. Na durƙusa na shanshana shimfiɗar ƙasa ko ta taɓa shan ruwa, na danna kujeru da yatsa, shi kuma ya leƙa injin kamar mai duba cikin giwan ruwa. Mai motar sai dariya yake. Ban ga komai ba sai 'yar tsaga a rufi.

Muka fita gwaji ta hanyar bakin ruwa, rufi a buɗe. Iska na dukan fuskarmu, hulata a cinya, 'yan kabu-kabu na yi mana ihu. Na ƙanƙame ƙofa ina salati, shi kuwa yana wata dariya da ban sake jin irinta a bakinsa ba.

A hanyar dawowa muka iske Inna da goggonmu suna tafe da kwandon busasshen kifi. A wurinmu ba a wuce babba a hanya. Na yi wuf na fito na ba da kujerata. Inna ta leƙa ciki, ta leƙa baya.

"Goggonku ina za ta zamna?"

"Inna, mutum guda take ɗauka," in ji yayana.

"Kwandon fa?"

Muka buɗe but, rufi ya cinye wurin.

"To, Allah shi sa albarka. Ku wuce, ƙafarmu ta saba."

Ko faɗa ba ta yi ba. Yayana ya daɗe zaune, hannu a kan sitiyari, yana kallon bayansu. Ranar ya mayar da makulli. Daga baya ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ta yi ta kwasar dangi har ya bar duniya.

Na koyi cewa kafin in duba lafiyar abu, in fara tambayar wa zai ɗauka, wa zai bari a ƙasa. Amma har yau nakan tuna dariyar nan in ji zuciyata ta yi nauyi.

An ce an kai motar wajen Ngaski. Don Allah duk wanda ya san inda take, ko ta lalace, ya sanar da ni. Ba saye zan yi ba, so nake in sake zama a kujerar nan.