Hannun Gashe Belachew

Shagon ɗinkina a Nazret, wani gari da ba shi da nisa da Addis Ababa, yana kallon gidan abincin Etiye Tiruwork, kuma fiye da shekara ashirin a can nake cin abincin rana. Ɗaki ɗaya ne mai tebur biyar, sai madafa a baya inda hayaƙi ya mai da bango baƙi ƙirin. A nan na san Gashe Belachew Demissie.

Direban tankar mai ne a hanyar Jibuti, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Matarsa ta rasu tun 'yarsu Firehiwot tana ƙarama, bai sake aure ba. Ƙanwarsa ce ta riƙe yarinyar har ta girma ta sami aiki a Addis Ababa. Don haka duk dawowar da zai yi, kafin ya ga ƙofar gidansa sai ya faka mota a bakin titi ya faɗo wurin Etiye, idanu jajur saboda rana.

"Etiye! Kina nan da rai, ko miyarki ta gama da ke kamar yadda ta gama da sauran?"

"Wanke hannu ka zauna," in ji ta daga madafa. "Tun daga nan nake jin warinka, kamar an ƙona taya."

Ba ya cin abinci shi kaɗai. Duk wanda ya tarar, sai ya jawo shi tire ɗaya. Zai yago injera, gurasarmu mai faɗi da laushi, ya naɗe soyayyen nama da yaji a ciki, ya yi gursha, loma kamar dunƙulen hannu, ya nufo bakinka da ita. Ba ka da ikon ƙi. Ni da nake siriri na fi kowa shan wahala.

"Buɗe, Kassahun! Bakin nan allura kawai ya iya riƙewa?"

A shekararsa ta ashirin da shida a kan hanya, da tsakar rana, gaba da garin Awash kaɗan, garken raƙuma ya ratsa titi a wata kwana, makiyayin yana tsakiyarsu. Gashe Belachew ya karya sitiyari don ya kauce masa, motar ta kife. Allah ya taimaka babu mai a cikinta. Amma hannunsa na dama ya maƙale a ƙarƙashin ƙofa, ya yi awa biyar a haka kafin a samu abin ɗaga ta. A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Masu motar suka zo dubiya sau ɗaya, suka ba wani direba sitiyarin.

Wata huɗu bai leƙa waje ba. Na je na same shi zaune a bakin gado, ya rame, ya yafa farin mayafin auduga har wuya. Ƙanwarsa ta ce sai ta fita daga ɗakin yake taɓa abinci. Na yi ta lallashinsa har ya gaji da ni, ya ce to mu je, amma ba zai daɗe ba.

Ranar Laraba ce, ranar azumin cocinmu da ba a cin nama. Etiye ta gan mu, ta tsaya cak da buta a hannu, sannan ta daure ta ce, "Ka dawo? Na ɗauka ka samu wata mai girki ne."

Ya miƙa hannun hagu ta zuba masa ruwa. Ta kawo tire, ta juye miyar shiro mai zafi a tsakiyar injera, da ganye da wake a gefe. Na sa hannu, ina yi kamar ba na kallonsa. Ya yago injera, ta yage inda bai so ba. Ya sake. Da ya samu ya naɗe, kafin ta kai baki miyar ta zubo a kan mayafin.

A teburin kusa da mu akwai direbobi uku, matasa, baƙi ne a garin. Ɗayansu ya taɓa ɗan'uwansa, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Dubi dattijo da furfura yana cin abinci da hagu a tire ɗaya da mutane. Baba, a garinku haka aka koya muku?"

Gashe Belachew ya ajiye lomar. Ya kama bakin mayafin ya janye shi daga kafaɗa, dungun ya fito, tabon ɗinkin bai gama baƙi ba. Ya ɗora shi a kan tebur.

"Na daman yana Awash," ya ce. "In ka bi ta can ka taho min da shi."

Saurayin ya miƙe yana ba da haƙuri, yana rantsuwa bai sani ba, har ya durƙusa zai kama gwiwarsa. Etiye ta nuna masa ƙofa da haɓa, su ukun suka fita suka bar abincinsu.

Sai ta wanke hannu, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, abin da ban taɓa ganin ta yi da wani ba. Ta naɗa gursha ƙarama, ta kai bakinsa.

"Karɓa, ɗan'uwana."

Ya karɓa. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa. Da ta naɗa ta biyu sai ya kau da kai.

"Bari, Etiye. Gursha ramawa ake yi. Ni da wanne zan rama miki? Da wannan?" Ya ɗaga hagun. "In sa miki shi a baki?"

"Sa min mana. Wa ya hana?"

"Ni na hana."

Bayan wannan ya ci gaba da zuwa, amma ba lokacin da mutane suke ba. Sai wajen ƙarfe uku, an watse, ya shigo ya zauna a teburin ƙarshe yana fuskantar bango. Ya iya ci da hagun har ba ya zubarwa, amma ko ni bai yarda mu sake haɗa tire ba. In na matso sai ya ce, "Je ka ci naka, Kassahun, ina kallonka." Ya samu aikin gadin rana a wata tashar manyan motoci, yana buɗe ƙofa yana rufewa ga yaran da shi ya koya wa tuƙi. Suna girmama shi, suna sunkuyar da kai in sun wuce, shi kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Ya fara shan araƙe, giyar nan mai ƙarfi, tun da safe. Etiye ta yi masa faɗa, ni na yi, limamin cocinmu ya yi. Yakan ce mun yi gaskiya, gobe ya ƙara.

Wata damina ya faɗi a bakin ƙofar tashar, gefensa ɗaya ya shanye. Firehiwot ta zo da mota ta tafi da shi Addis Ababa, wani bene hawa na huɗu. Da za su tafi ya sa aka tsaya a gaban gidan abincin. Etiye ta fito da ƙullin injera da yajin da ta daka da kanta, ta miƙa ta taga. Bakinsa ya karkace, maganar ba ta fita sosai. Ta sunkuya tana saurare, sannan ta ce, "Na ji, na ji." Da na tambaye ta daga baya me ya ce, ta ce ita ma ba ta gane ba.

Sau ɗaya na je duba shi. Na tarar da shi a bakin taga yana kallon titi, 'yar tana wurin aiki, an rufe masa abinci a kwano da cokali a gefe. Ya tambaye ni ko an gyara kwanar nan ta Awash. Na ce ban sani ba.

Shekara biyu ya yi a benen, bai sauko ba sai a makara. Firehiwot ta bugo waya da safe, ni da Etiye muka rufe shagunanmu muka hau bas. Cunkoso ya riƙe mu a bakin birni, muka isa an riga an rufe kabarin, mutane suna dawowa. A rumfar makoki yawancinsu abokan aikin 'yar ne da maƙwabtan bene, sun san shi a matsayin tsoho marar lafiya da ba ya magana. Wata mata ta tambayi Etiye ko ita 'yar'uwarsa ce. Etiye ta ce a'a, abinci take sayarwa. Muka zauna har la'asar, muka yi sallama, muka nemi motar komawa Nazret.