Sunan da Ya Ƙi Goguwa a Taga ta Biyu

Abin da na fara lura da shi ran da na je ofishin nan na GRA shi ne takalma jere a bakin ƙofa kamar masallaci, wai ba a shiga ɗakin kwamfuta da takalmi, har shi kansa shugaban wurin. Ina aji biyar na sakandare, ba a daɗe da komawar soja bariki ba, kuma abin da zan faɗa muku wallahi da idona na gan shi, da rana tsaka, ba a bakin wani na ji ba.

Ƙanwar babana, Gwaggo Binta, ita ce mai buga takardu a wata ƙungiya da ke kawo likitoci su yi wa tsofaffi aikin yanar ido kyauta, sau ɗaya a shekara. Da aka yi hutu ta ce in riƙa raka ta daga Ƙofar Kwaya ko bakina ya buɗe, don ni ko gaisuwa sai na haɗa da kallon ƙasa. Masu rajista suna bi unguwa-unguwa da takarda da biro, ita kuma ta zuba cikin jadawali a kwamfuta: suna, unguwa, shekaru. Shekarun ma dai cika layi ne, duk tsohon da aka tambaya sai a sa masa sittin ko saba'in. Guraben ba su da yawa, wasu kuma don tsoron kada a manta da su sai su ba da suna sau biyu, to aikina in nemo maimaici in goge, mai jira ya samu shiga. Ba a hargitsa jerin, wanda ya riga shi ke gaba.

Jadawalin dogo ne, kafin in sauka ƙasa na manta abin da ke sama, sai Gwaggo ta koya mini dabara. Ta buɗe sabuwar taga ta wannan fayil ɗin, ta jera su gefe da gefe, ta hagu tana nuna farkon sunaye, ta dama ƙarshensu. "Kada ki ruɗe," ta ce, "ɗaki ɗaya ne, tagoginsa ne biyu. Abin da kika taɓa nan, can ma ya taɓu." Ta rubuta sunana a hagu, nan take ya fito a dama, ta goge ya ɓace duka biyun.

Ran nan ana gobe za a kai wa likitoci takardar, Gwaggo ta fita sallar azahar, sai na ga Hauwa'u Musa, Ƙofar Marusa, saba'in, a can sama, ga ta kuma a ƙasa, komai iri ɗaya. Na sauko da tagar hagu kan ta ƙasan na goge layin. Ya ɓace. Na waiga dama, sunan yana nan, tsakanin wani Malam Sule da wata Talatu, alhali a hagu Malam Sule da Talatu sun haɗe. Na goge a daman, ya tafi, kafin in ƙifta ido ya dawo. Jama'a, sai na janye hannuwana na cusa cikin hijabi, kuma na rantse da Allah ina kallo ɗan baƙin akwatin nan da ke nuna inda ake rubutu ya taka da kansa, layi ɗaya, layi biyu, ya tsaya cak a kan sunan. Ayatul Kursiyyu ma a tsakiya ta kakare mini.

Gwaggo ta shigo ta ce, "Ke, mi kika taɓa?" Ta rufe tagar dama, ta buɗe sabuwa fil. Sunan yana ciki. Sai ta ce na'ura ce ta tsufa, mu buga ta hagu mu tashi, in aka bar gurbin da ba kowa ita shugaba zai yi wa faɗa.

Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, in mutum biyu ne fa?"

"Suna ɗaya, uba ɗaya, unguwa ɗaya, shekaru ɗaya?"

"Shekarun ai ba su suka faɗa ba."

Ta dube ni ta ce, "Ikon Allah, yau bebiya ta yi magana. Ɗauko takalmanki."

Bayan la'asar muka hau kabu-kabu zuwa Ƙofar Marusa, muka yi ta tambaya har aka kai mu gidan wata tsohuwa mai daddawa da ake kira Kulu. Bayan doguwar gaisuwa Gwaggo ta tambaye ta ko sau biyu ta ba da suna. Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni da ban son likita? Ɗayar Maijidda ce, sunan kakarmu Hauwa'u muka ci, ubanta Musa ubana Musa. Bana ta taso daga ƙauye, tana nan bayanmu wajen ɗan ƙanenta."

Mun sami Maijidda zaune a tabarma, idanun sun yi fari fat, kusa da ita ga hular da ta fara ɗinkawa ta bari, allurar tana soke a jiki har ta yi tsatsa. Ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, an ce an rubuta ni, da gaske ne?" Gwaggo ce ta amsa, muryarta can ƙasa, "An rubuta, Inna."

Da safe Gwaggo ta sake buga sunan a tagar hagu. Na leƙa dama, ina jiran in gan shi sau biyu, tunda dama can yana nan. Sau ɗaya na gani. Mai gyaran kwamfuta da muka ba labari daga baya ya ce ba ya yiwuwa, fayil ɗaya ba ya nuna fuska biyu, ni ma yau da nake wannan aikin na san haka, kuma har yanzu in na tuna yadda akwatin nan ya taka sai tsigar jikina ta tashi. Ban ce aljani ba ne, ban ce komai ba. Abin da kawai zan ce muku, in aka damƙa muku sunayen mutane, kada ku goge ko ɗaya sai kun tambaya.

An yi wa su biyun aiki. Da muka koma dubiya Maijidda tana zura zare a allura da kanta, ta ɗago ta ƙare mini kallo ta ce, "Ashe 'yar ƙarama ce ke!" A hanyar gida na ja gefen mayafin Gwaggo na ce, "Don Allah hutu mai zuwa ki sake tahowa da ni. Amma in za ki fita sallah, ki rufe tagar dama tukuna."