Ranar da Aka Zo Auna Mini Ƙwaƙwalwa

Mu biyar ne a tsakar gidana na Makera a ranar. Akwai ni a kan tabarma, ƙafar hagu a miƙe don ba ta gama dawowa daidai ba. Akwai ɗana na fari, wanda zan riƙa ce wa yayansu, don haka nake ce masa tun da ya samu ƙanne. Akwai matarsa, ta ɗora jaka a cinya kamar wadda ta zo biki. Akwai maƙwabciyata, mutuniyar Zonkwa, wadda mijinta da marigayi maigidana suka yi aiki a masaƙa ɗaya a Kakuri har aka rufe ta. Ita ba wanda ya gayyace ta, kujerarta kawai ta jawo ta zauna. Ta biyar ɗin ita ce baƙuwar da ta zo auna mini ƙwaƙwalwa.

Abin da ya kawo ta shi ne, a damina hawan jini ya kayar da ni a bakin famfo, ɓarin jikina ya shanye. Na kwanta asibiti, Allah ya sa da sauran shan ruwa. To, a can wani matashin likita ya nuna yayansu ya ce in faɗi sunansa, ni kuwa na juya fuska bango. Sai ya ja iyalina gefe ya ce musu irin wannan ciwon yakan sa mutum ya kasa gane nasa. Bayan na dawo gida kuma na ɗora wake a kan gas, na fita yi wa wata barka, na manta da shi ƙurmus. Hayaƙi ne ya fito da maƙwabciyata a guje.

Daga nan yayansu ya ce in haɗa kaya in koma gidansa a tsallaken kogi. Na san gidan. Katanga ce doguwa da maigadi, kana iya wuni ba ka ji sallamar kowa ba. Ni kuwa a Makera aka kawo ni amarya, a nan na haihu, a nan aka fita da gawar mijina, kuma ba akuyar da za ta wuce ƙofata ban san ta wace ce ba. Na ce ba inda za ni. Da ya ga na kafe, ya ce akwai wata mata daga jami'a da ke bincike a kan masu irin ciwona a asibitin da nake karɓar magani. In ta duba ta ce kaina lafiya, in zauna. In ta ce akasin haka, in bi shi ba musu. Na yarda, don ban ga wata hanya ba.

Tun daga zaure na fara auna baƙuwar kafin ta auna ni. Ta cire takalmi, ta rusuna ta gaishe ni. Hausa a bakinta ras, ashe ubanta Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, a unguwar Television ta tashi. Na sa aka ba ta ruwa a kofin silba in ga ko za ta yatsina fuska. Ta shanye, ta nemi ƙari.

Ta ce ita ba likitar allura ba ce. Karatunta a kan yadda ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa ke rage wa mutum tuni da natsuwa ne. Ta ce tambayoyin da aka saba yi wa marasa lafiya daga waje aka kawo su, a ce ka zana agogo, a ce ka rubuta kaza, wanda kuwa bai taɓa riƙe biro ba sai ya faɗi ko da kansa garau yake. Shi ya sa take neman hanyar da ta dace da irinmu. Sannan ta tambaye ni, ni da kaina, ko na yarda. Wannan ya yi mini daɗi, don tun da na kwanta ake magana a kaina kamar buhun masara.

Da farko ta lissafa mini wasu abubuwa ta ce in riƙe su a kai, za ta tambaye ni daga baya: tsintsiya, gishiri, rago, da wasu. Sai ta ce in kawo sunayen dabbobi duk da na sani, da sauri. Na kama daga tunkiya har bushiya. Da na ɗan tsaya, sai na ji maƙwabciyata tana raɗa “agwagwa” ta gefen baki. Na watsa mata harara, na ce kaina ake aunawa ko nata? Ta ce ai nata ma da za a taimaka a duba, jiya da gilashi a goshi ta wuni tana neman gilashi.

Bayan haka baƙuwar ta zazzage ashana a tabarma, ta jera tsinke huɗu wani iri, ta ce in yi kamarsa. Na yi. Ta sake wani, na yi, har da inda kan ashanar ya kalla. Na ce mata dai ta tattara su tsaf in an gama, ba a wasa da ashana a gidana.

Inda na ji jiki shi ne da ta haɗa wake da masara a faranti ta ce in ware, ita kuma tana ba ni labarin wata mata da ta je kasuwa. Na ware su tas, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Da ta ce to me matar ta sayo, sai na ji wayam. Na san an yi maganar kasuwa, amma abin da aka sayo ya bi iska. Na ga matar yayansu ta kalli mijinta.

Sai baƙuwar ta nuna yayansu.

“Mama, wannan fa? Wane ne, ya sunansa?”

Sunan yana nan a bakina, ba inda ya je. Amma ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci, mahaifin maigidana. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba, ko a zazzaɓi, ko a faɗa. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah. Na duba ɗakina, na duba bishiyar gwaibar da na dasa da hannuna, na ce a raina yau kalma ɗaya za ta raba ni da gidan nan.

“Hajiya, ki faɗa kawai,” in ji shi, murya ƙasa ƙasa. “Ba komai, yau ɗaya dai.”

Ya san da kunyar, ai a cikinta ya girma. Amma maganar likitan nan ta shige shi, yana son ya ji da kunnensa. Na juya fuska bango.

Baƙuwar ta dube ni, ta dube shi. Can ta ce, “Shi ne na fari ko?” Maƙwabciyata ta tafa hannu ta ce sai yanzu wani ya yi tambayar hankali. Baƙuwar ta yi dariya, ta ce a unguwarsu ma akwai wata tsohuwa da ke kiran nata “wancan” har ya yi furfura. Ta ce in bar sunan, in ba ta labarin wani yaro da na sani, kowane ne.

Ban juyo ba, bangon na ba labarin. Na ce akwai wani yaro a layin nan da talotalon gidan maƙwabta ya taɓa bi da safe, yana sanye da kayan makaranta. Ya haye kan duron ruwa ya ƙi saukowa, yana kuka yana kiran ubansa, har aka tashi daga makaranta. Garin saukowa bakin duron ya yanke shi a ƙwauri na hagu, tabon yana nan. Na ce na ji an ce yanzu ya yi tumbi ya sayi mota, har yana kwashe tsofaffi daga gidajensu, amma ban sani ba ko ya daina tsoron talotalo.

Maƙwabciyata har da faɗowa daga kujera, don talotalon nata ne. Matar yayansu ta ce sai ya ɗage wando ta gani, wai shi ce mata ya yi a ƙwallo ya ji ciwon. Shi kuwa yana dariya yana goge ido da hularsa.

Da aka natsu baƙuwar ta tambaye ni abubuwan farko da ta lissafa mini. Na kawo tsintsiya da rago da sauran, gishiri ya ɓace mini sai da ta ce abin miya ne. Daga nan ta yi bayani, kuma ni ta kalla tana yi. Ta ce tsohon tunina da ƙarfinsa, ina gane mutanena sarai. Abin da ciwon ya taɓa shi ne riƙe abu biyu a lokaci guda: in na kama ɗaya, ɗayan sai ya sulale. Ta ce hukunci ba nata ba ne, kuma in ci gaba da ganin likitana, amma a abin da ta gani, mai irin wannan ya fi samun kansa a inda ya saba. Wuta ce dai kada a bar ni da ita ni kaɗai.

Yayansu ya ce to wa zai tsaya mini a kan wutar? Maƙwabciyata ta ce a kai tukunyar gas ɗina barandarta, mu riƙa girki tare, kowa da tukunyarsa. Na ce da sharaɗin ba za ta sa mini hannu a miya ba, don barkononta sai ya tayar da wani hawan jinin. Ya dube ni, na dubi bango. Ya ce shi ke nan, a gwada. Da kansa ya ɗauki tukunyar gas ɗin ya kai.

Washegari da hantsi na auni wake, na ɗauki tukunyata da kujerata, na dogara sanda zuwa barandar maƙwabciyata. Na ɗora, na zauna a gabansa. Ana cikin haka wata ta yi sallama a ƙofar gidana, wai an yi haihuwa a bayan layi. Na ɗaga murya na ce ta zagayo nan ta faɗa mini, ba na tashi sai waken nan ya nuna.