Sandar Malam Ɗantsoho

"Inna, wallahi in kika sa sunana a takardar nan, sai na bar miki Daura!"

"Bar ta mana, ai ba a kanka aka kafa ta ba. Kai ɗan fari ne da zan ji kunyar sunanka? Auta ne kai. Jafaru, Jafaru, Jafaru. Ga shi nan na rubuta har sau uku."

Haka muke fama da ɗana tun hantsi. Ni ce Kande mai ɗanwake, ta bakin garejin manyan motoci da ke hanyar Sandamu. Jibi Malam Ɗantsoho bakanike zai ajiye sifana bayan shekara talatin da bakwai, direbobi kuma za su yi masa walima. Da a da ne, maroƙi za a kira da kalangu. To tun da shari'a ta zo limaminmu ya ce a ci abinci a yi addu'a, kalangu ya huta. Na ce ya huta, ni bakina bai huta ba, shi ya sa nake rubuta takardar nan a karanta a walimar. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Kullum kafin in sauke tukunyar farko Malam ya iso a kan tsohon babur ɗinsa, hularsa ta sha baƙin mai har ba a tuna asalin launinta. Ya ci ɗanwake, ya ce yaji ya yi yawa, ya ƙara yaji. Sannan duk motar da aka kawo, ko taya aka ce ta yi faci, sai ya fara duba filta. Ga mata 'yan uwana da ba su sani ba, filta rariya ce. Inji iska yake shaƙa kamar ni da ke, ita ke tace masa ƙura. Ta asali a cikin gwangwaninta take, a rufe, bututunta can sama bayan kan mota.

Sai sandar. Gora ce doguwa, duk jikinta tsaga. Kowace damina in aka yi ruwa mai ƙarfi, Malam zai hau babur har Kwarin Tsamiya, inda ruwa ke tsallake hanya in za ka ƙauyukan bayan Baure. Ya naɗe wando, ya kafa sandar a tsakiya, ya tsaga da wuƙa daidai inda ruwa ya kai. Tsagar da ta fi kowacce tsawo ta shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce. Kowace mota sai ya jingina mata sandar nan. In hancin da take shaƙar iska da shi yana ƙasa da tsagar sama, to ba da hannunsa ba.

Bara waccan sai ga wani saurayi, ba zan faɗi sunansa karo na huɗu ba, ya dawo daga Kano da wata filta ja jawur, tana walƙiya kamar kwanon jere. Wai an ce masa mota za ta ƙara ƙarfi, ta riƙa gurnani kamar zaki. Ba ta shiga gwangwanin, sai dai a ɗaure ta a fili, can ƙasa kusa da taya. Motar nan kuwa ita kaɗai ubansa ya bar masa, da ita muke ci.

Ya kai wa Malam don ya ɗaura masa. Malam ya juya ta, ya jingina sanda a inda za a ɗaura ta. Ƙasa take da tsagar da kamu guda.

"Ɗana, wannan a rani amarya ce, a damina makashiya. Inji yana matse iska, ba ya matse ruwa. Kofi ɗaya ya shiga, ƙarfen cikinsa zai lanƙwashe kamar kara."

"Baba, zamani ya wuce sandar makafi."

Ina jin su, na jefa masa ludayi, na kuskure. Ya je wani wuri aka ɗaura masa. Sati biyu yana wuce gareji yana taka mota tana ruri, 'yan mata na leƙe.

Ranar kasuwar Baure ya yi lodin gero buhu tamanin. Da azahar hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin. Na ga Malam ya dubi sama, ya ajiye aikin da ke hannunsa, ya ɗaure jakar sifanu a babur, ya kama hanyar Kwarin Tsamiya.

Sauran labarin daga bakin Haulatu mai nono na ji, ita da ta fake a gindin tsamiyar, kuma sau biyar na sa ta maimaita don daɗi. Ta ce zakin namu ya shigo kwari da ruri, ya kai tsakiya, ya yi tari biyu, ya yi shiru. Saurayin ya kai hannu zai sake murɗa makulli ke nan, sai ga tsoho ya yar da babur, ya faɗa ruwa har ƙugu yana kururuwa:

"Kada ka murɗa! Don darajar uwarka kada ka murɗa!"

Ya haye, ya fizge makullin, ya cusa a hula, ya mayar da hular kansa. Ashe murɗawar nan ta biyu ita ke kashe inji gaba ɗaya. Manoma suka kawo shanun huɗa har shida aka jawo motar. Zaki a bayan shanu, jama'a! A nan bakin kwari Malam ya kwance kan injin, ya fitar da ruwan, ya juye mai, ya mayar da tsohuwar filta, wadda ashe tun ranar ya tsince ta a bola ya adana. Kafin la'asar sakaliya mota ta tashi. Bai ce "ban gaya maka ba?" ko sau ɗaya. Ni na faɗa a madadinsa, har yau ban daina ba.

Malam Ɗantsoho, kai ne mai auna ruwa tun bai zo ba. Kai ne ka shiga kwari da tsufanka saboda yaron da ya kira ka makaho. Motoci nawa ke yawo tsakanin Daura da Baure da numfashin da ka tsare musu, masu su ba su ma sani ba? Tukunyata da ba ta kife ba, bayan Allah kai ne. Allah ya saka, ya ba ka hutu mai daɗi, ya rage maka son yaji. Ku kuma samarin gareji, kafin ku ɗaura wa mutum abu mai ƙyalli, ku je ku ga hanyar da zai bi da shi.

Jar filtar tana nan, na kife ta a kan kwandon 'yan tsaki, ta yi amfani.

Jiya Malam ya aiko da sandar gidanmu, ya ce a ba autana, wai wanda ya sha ruwan kwari shi ya san zurfinsa. Tana jingine a ɗakina. Yanzun nan na karanta wa ɗan nawa takardar tun daga farko.

"Har da shanun, Inna?"

"Har da shanun. Shida."

"To ni ba zan je walimar ba, kuma ba zan yi yawo da sandar tsofaffi ba!"

Ya fice tsakar gida. Sai aka yi cida ta gabas, doguwa. Na ji takunsa ya tsaya. Ya dawo, bai dube ni ba, ya sunkuci sandar.

"Ina zuwa, direban zaki?"

"Kwarin Tsamiya. Ke dai ki cire shanun!"

Ya ja ƙyauren ya buga garam, har alƙalamina ya faɗi.