Yatsu Biyun da Baba Ya Bari a Filin Jirgi

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Birchi, amma sai watan jiya na ji an ari sunansa ana neman ɗaure ɗana da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mahaifina, Malam Ilu, ya bar gona zamanin Turawa, lokacin yaƙi, ya shiga aiki a filin jirgin soja. Ƙananan jiragen lokacin da hannu ake tayar da su. Mutum zai tsaya a gaba, ya finciki farfela, ya yi tsalle baya. Aikinsa ke nan shekara shida, a nan kuma ya bar yatsu biyu. Da kunne yake gane injin da ba shi da lafiya, har matuƙa ba sa tashi sai ya gyaɗa kai. Sau uku ana yi masa alkawarin koyon tuƙi. A na huɗu aka gaya masa gaskiya, wai igiya biyu ce iyakar baƙar fata. Ya ninke kakinsa ya ajiye musu, ya kamo hanyar gida, Birchi ta ƙasar Kurfi.

Yau jikansa Kabiru, ɗana, matuƙin jirgin soja ne. Shekara goma sha biyu yana ciki, ƙarin girma ya maƙale, zaman ofis ya fi tashi yawa, abokansa sun watse ɗaya bayan ɗaya. Da ya rubuta takardar ajiye aiki, yayana Alhaji Lawal ya taso takanas daga Dutsin-Ma.

"Kai Kabiru, kujerar da kakanka ya mutu yana bege, ita za ka tashi ka bari? Mi za mu ce ma mutane?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ba korar Baba aka yi ba. Da ƙafarshi ya taho, kuma sau biyu suka aiko ya ƙi komawa."

Da Baba na raye, da ya yi kukan murna ganin jininsa a wannan kujera, ban musa ba. Amma na san wanda zai tuhuma, kuma ba Kabiru ba ne. Manyan sojan yau zai tambaya: Turawa sun ce fatarmu ce, ku kuma mene ne hujjarku?

Har ya tsufa, in jirgi ya gifta yana tsakiyar noma, sai ya saki fartanya ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku yana saurare. Son jirgi bai taɓa barinsa ba, amma bai yarda a riƙe shi da wannan son ana taka shi ba. Gadonmu ke nan.

Kabiru ya miƙa takardarsa ranar Litinin. Ni na goge masa kakin da zai mayar, na ninke shi da hannuna.